Tarihin Jadawalin Haruffa: Yadda Alamar Yuro Ta Tilasta Wa Shafukan Intanet Sauya Tsari

Duk harafin da mutum ya gani a fuskar waya ko ta kwamfuta, akwai lamba a ɓoye a bayansa. Na'ura ba ta san A ba, 65 ta sani. Ba ta san alamar dala ba, 36 ta sani. Akwai jadawalin da aka yi ittifaƙi a kansa mai cewa lamba kaza ita ce harafi kaza, kuma muddin mai aikawa da mai karɓa suna duba jadawali ɗaya, rubutu zai isa lafiya. Ranar da jadawalinsu ya saɓa, sai a rubuta farashi a Faransa, a karanta tarkace a Jamus. Tarihin wannan jadawali labari ne na waɗanda suka samu gurbi da waɗanda aka bari a waje, kuma babu inda rigimar ta fi fitowa fili kamar a kan alamomin kuɗi. Mutum yana iya haƙuri idan an ɓata rubutun sunansa, amma ɗan kasuwa ba ya haƙuri da farashin da ba a san da wane kuɗi aka faɗe shi ba.

Daga wayar tangaraho zuwa 1963

Asalin abin ya girmi kwamfuta da kusan shekara ɗari. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙo ta waya daga Washington zuwa Baltimore a Amurka, da ɗigo da ja, kuma mutum ne ke karɓa ya mayar da su kalmomi. Wani Bafaranshe mai suna Émile Baudot ya ba kowane harafi tsawo ɗaya a shekarun 1870: bugu biyar, kowanne ko akwai wuta ko babu. Bugu biyar ba sa ba da fiye da siffa 32, ga haruffa 26 ga lambobi 10, don haka aka ware wata alama da ke sanar da inji cewa abin da zai biyo baya lambobi ne, da wata mai cewa a koma haruffa. Donald Murray, mutumin New Zealand, ya gyara tsarin a 1901 ya haɗa shi da madannai irin na tafireta, kuma daga aikinsa aka samo jadawalin da ƙasashe suka amince da shi a shekarun 1930. A nan aka bar 'yan gurabe kowace ƙasa ta cika da abin da take buƙata. Amurkawa suka yi nasu samfurin mai alamar dala, mutanen Ingila suka sa alamar fam a injinansu. Tun daga nan alamar kuɗi ta zama harkar cikin gida, kowa da tasa, a gurbin da maƙwabci ya sa wani abu dabam.

Da kwamfutoci suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kowane kamfani da nasa jadawalin, har injin wannan ba ya karanta faifan wancan. A 1963 hukumar daidaita ma'auni ta Amurka ta fitar da ASCII, wanda Bob Bemer yana cikin fitattun waɗanda suka yi masa aiki. Bugu bakwai aka ba kowane harafi, gurabe 128 ke nan. A gyaran 1967 ƙananan haruffa suka shiga, aka tsaya a kan gurabe 33 na umarni ga inji da 95 na abin da ake bugawa. A 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya ba da umarnin cewa kwamfutocin da gwamnatin tarayya za ta saya su riƙa aiki da shi. Daga cikin duk kuɗaɗen duniya, alama ɗaya tak ta shiga: $, a lamba 36. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Zamanin kowa da nasa, 1967 zuwa 1991

Sauran ƙasashe suka karɓi ASCII a ƙarƙashin inuwar hukumar ma'auni ta duniya, da sunan ISO 646, bisa sharaɗin kowa zai iya sauya wasu gurabe. Ingila ta cire # daga lamba 35 ta sa £. Sakamakon haka, shekaru da yawa takardar da aka rubuta a injin Amurka takan fito da fam a firintar Landan inda ake nufin #, ta Landan kuma ta fito da # a gaban farashi in ta tsallaka teku. Japan, a jadawalinta na 1969, ta ɗora alamar yen a lamba 92, gurbin karkatacciyar sandar nan da daga baya Microsoft ya ɗauka domin raba sunayen manyan fayiloli. Har yau mai amfani da Windows ta Japananci yana ganin ¥ jere a cikin adireshin fayil, ɗan Koriya ta Kudu kuma yana ganin ₩. Shawarar da aka yanke sama da shekara hamsin da suka wuce ba ta goge ba.

Akwai wata alama da aka haifa a wannan zamani wadda za ta taka rawa daga baya. A farkon shekarun 1970 aka cire dala daga samfurin ƙasa da ƙasa na jadawalin, aka sa ¤, da'ira mai ƙahoni huɗu, da nufin ta tsaya a madadin kowane irin kuɗi ba tare da an fifita na kowa ba. Abin da ake faɗa shi ne ƙasashen gurguzu ne suka ƙi yarda kuɗin Amurka ya zauna a jadawalin duniya. Wannan zance ne da ke yawo a tsakanin masana harkar. Abin da ke rubuce shi ne kwamfutocin Tarayyar Sobiyet da dama suna nuna ¤ a inda na Amurka ke nuna $, kuma a gyaran 1991, shekarar da tarayyar ta rushe, dala ta koma gurbinta. Babu wanda ya taɓa sayen burodi da ¤, amma ta riƙe gurbi a jadawalai masu zuwa.

A shekarun 1980 aka ƙara bugu ɗaya, suka zama takwas, abin da ake kira bayit, gurabe suka ninka zuwa 256. Kwamfutar IBM ta 1981 ta cika sabon filin da haruffan Turai da layukan zane, ta kuma sa alamomin santi da fam da yen da fesetar Sifen. Sai a 1987 aka fitar da jadawalin da zai mallaki Yammacin Turai, ISO 8859-1, wanda aka fi sani da Latin-1. Ya bar ASCII yadda yake a rabin farko, ya killace lambobi 128 zuwa 159 domin umarnin inji, sannan ya cika 160 zuwa 255 da haruffa irin su é da ü da ñ. Alamomin kuɗi huɗu suka jeru: ¢ a 162, £ a 163, ¤ a 164, ¥ a 165.

Jadawalin ya zama kamar kasuwa mai rumfa 256 wadda aka gama rabawa: duk baƙon da ya zo da kaya, sai an tashi wani kafin ya samu wurin zama. Faransa kanta ba ta tsira ba, domin harafin œ da take rubuta kalmomin zuciya da ƙwai da 'yar'uwa da shi bai shiga ba. Ana ba da labarin cewa wakilin Faransa a kwamitin ne ya ce œ ado ne na masu ɗab'i, ba harafi ba, wasu kuma su ce kamfanin da wani wakili yake wa aiki ba shi da harafin a firintocinsa. Gurbin dai ya tafi ga alamomin sau da rabawa, × da ÷, waɗanda har yau suke zaune a tsakiyar haruffa.

Aka bi da wasu jadawalai a jerin ISO 8859: Latin-2 domin Folan da Hangare da maƙwabtansu, na biyar domin Rashanci, na shida domin Larabci, na bakwai Girkanci, na takwas Ibrananci, na tara Turkanci. Babu ko ɗaya mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. An yi wani jadawali na harsunan Afirka a 1983, ISO 6438, domin ɗakunan karatu, amma masu ƙera kwamfuta ba su waiwaye shi ba. Abin da ya sa ke nan masu buga Hausa a kwamfuta suka daɗe suna rubuta k' da d', ko su yi amfani da wani salon rubutu na musamman wanda ke lalacewa da zarar an buɗe fayil a injin da ba shi da shi.

Microsoft kuwa bai bar lambobi 128 zuwa 159 a killace ba. A jadawalinsa, Windows-1252, ya zuba musu lanƙwasassun alamomin zance da dogon karan ɗori da œ da ™. Jadawalin ya yi kama da Latin-1 a ko'ina sai a wannan ɗan tsakani, kuma wannan ɗan bambanci ne zai haifar da rabin fitinar da ke tafe.

Unicode da UTF-8, 1987 zuwa 1993

A 1987 Joe Becker da Lee Collins na kamfanin Xerox da Mark Davis na Apple suka fara tunanin jadawali ɗaya da zai ɗauke rubutun duniya baki ɗaya. Becker ya fitar da daftarin farko a 1988, aka kafa ƙungiyar Unicode a Kalifoniya a Janairun 1991, kundin farko ya fito a Oktoban shekarar. Bugu 16 aka ba kowane harafi, gurabe 65,536. A cikinsa aka ware unguwa guda ta alamomin kuɗi, kuma naira, wadda ta maye gurbin fam ɗin Nijeriya ranar 1 ga Janairun 1973, tana cikin na sahun farko: ₦, lamba 8358. Haruffan Hausa masu lanƙwasa ma sun shiga. Ke nan naira ta riga yuro samun lamba da shekara bakwai. Amma lamba a kundin da ba a amfani da shi ba ta fitar da kowa kunya ba, domin manhajojin duniya duk an gina su a kan harafi ɗaya bayit ɗaya, kuma tsarin Unix yana ɗaukar bayit mai sifili a matsayin ƙarshen rubutu, alhali a sabon tsarin kowane harafin Turanci yana tafe da sifili a gefensa.

Maganin ya fito ne a Satumban 1992 daga hannun Ken Thompson da Rob Pike na cibiyar bincike ta Bell Labs a jihar New Jersey. Akwai wani daftari na Dave Prosser da ake shirin amincewa da shi, aka nemi ra'ayinsu. Kamar yadda Pike ya ba da labari daga baya, a wani gidan cin abinci Thompson ya zana tsarin a kan takardar da ake ɗora faranti, cikin dare ɗaya. Wannan ruwayar Pike ce. Abin da ya tabbata shi ne cikin 'yan kwanaki suka mayar da tsarinsu na Plan 9 kan sabuwar hanyar, wadda ake kira UTF-8, suka gabatar da ita a taron masana a San Diego a Janairun 1993.

Hikimar UTF-8 ta cancanci a tsaya a kanta. Haruffa 128 na ASCII suna nan da bayit ɗaya, da lambobinsu na dā, don haka duk tsohon rubutun Turanci ya riga ya zama UTF-8 ba tare da an taɓa shi ba. Haruffa irin é da £ da ƙ da na Larabci suna cin bayit biyu. Alamar naira da yawancin rubutun Sin suna cin uku, fuskokin dariya na waya huɗu. Bayit na farko yana faɗin nawa za su biyo shi, masu biyowar kuma suna da tambarin da ba a rikita su da na farko, ta yadda ko saƙo ya yanke a tsakiya, inji zai gane inda harafi na gaba ya fara. A ganina, a tarihin kwamfuta kaɗan ne ayyukan da suka kai wannan tsafta. Duk da haka ya yi shekaru a ajiye, domin waɗanda ke da kuɗi da kasuwa ba su ji ƙaiƙayin da zai sa su nemi magani ba.

A daidai wannan lokaci ne Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shafukan intanet a cibiyar CERN kusa da Janeba, daga 1989 zuwa 1991. Da aka zo rubuta ƙa'idoji, HTML 2.0 na 1995 ya jingina da Latin-1, ƙa'idar HTTP ta 1997 kuma ta ce duk rubutun da bai faɗi jadawalinsa ba a ɗauke shi Latin-1 ne. Barashe da Bajafane da Balarabe suna ta fama da shafuka masu fitowa a birkice, suna bin jerin jadawalai a burauza ɗaya bayan ɗaya har su dace. Bajamushe da Bafaranshe da mutumin Ingila kuwa hankalinsu kwance.

Zuwan yuro, 1995 zuwa 2002

Yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta tsara kuɗin bai ɗaya. A taron Madrid na Disambar 1995 aka raɗa masa suna yuro, a Disambar 1996 Hukumar Tarayyar Turai, ƙarƙashin Jacques Santer, ta bayyana alamarsa: €. Hukumar ta ce an samo siffar daga harafin Girkanci, layuka biyun kuma suna nufin kuɗin zai tsaya da ƙafafunsa, ta kuma ce wasu ƙwararru huɗu ne suka zana ba tare da ta faɗi sunayensu ba. Wani tsohon mai zane na hukumar, Arthur Eisenmenger, ya yi iƙirarin cewa shi ya zana ta tun shekarun baya. Iƙirari ne, hukumar ba ta tabbatar da shi ba.

An sa ranar 1 ga Janairun 1999 kuɗin ya fara aiki a bankuna da littattafan lissafi na ƙasashe 11, takardu da kwabbai kuma su fito ranar 1 ga Janairun 2002. Masu kwamfuta suna da shekara biyu kacal, ga kuma fargabar matsalar shekarar 2000 a wuyansu. Alamar da miliyoyin mutane za su buga a kowane rasit da kowace takardar albashi ba ta da gurbi a Latin-1. A karon farko Yammacin Turai ya ɗanɗana abin da sauran duniya ta daɗe tana sha. Jiki magayi.

Unicode bai sha wahala ba: a 1998 ya fitar da bugu na 2.1 ya ba yuro lamba 8364. Masu tsofaffin jadawalai ne kowa ya kama gabansa. Microsoft yana da sauran fili a ɗan tsakanin nan nasa, sai ya ɗora € a lamba 128. Apple, a Mac OS 8.5 na 1998, ya tashi ¤ daga lamba 219 ya zaunar da yuro. IBM ya cire harafin i marar ɗigo daga lamba 213 ya yi sabon jadawali mai suna 858. Hukumar ma'auni ta duniya kuma ta fitar da ISO 8859-15 a 1999, wanda ake kira Latin-9, inda ta cire alamomi takwas daga Latin-1: yuro ta gaji lamba 164 daga ¤, Faransa ta samu œ da Œ da Ÿ, mutanen Finlan da Istoniya suka samu š da ž manya da ƙanana. Cikin waɗanda aka sallama akwai ¼ da ½ da ¾. Alama ɗaya, lambobi biyar: 128, 164, 213, 219, 8364.

A shafukan intanet ne abin ya fi ƙazanta, domin rubutu a can yana bin hannuwa da yawa. A ɗauki misalin mai kantin littattafai a Liyon wanda shafinsa ya ce shi Latin-1 ne. Ya zauna a gaban Windows ya cika fom ya rubuta farashi, 15 €. Burauzarsa ta aika lamba 128. Manhajar da ke kan sabar ta karɓa ta zuba a rumbun bayanai ba tare da ta tambayi ma'anarta ba. Ya buɗe shafin ya ga € tsaf, domin injinsa da jadawalin Microsoft yake karantawa. Mai saye da ke kan wani tsarin kuwa, wanda injinsa ya gaskata abin da shafin ya faɗa, sai ya duba 128 a Latin-1 ya tarar umarnin inji ne, ya nuna ɗan akwati ko alamar tambaya. Imel ɗin tabbatar da ciniki ya fita da wani jadawalin, firintar rasit tana da nata. Mai kanti ya rantse farashinsa daidai yake, mai saye ya rantse bai ga alamar kuɗi ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Masu rubuta manhaja suka rabu. Wasu suka kauce wa rigimar, suka riƙa rubuta EUR, ko su yi amfani da laƙabin € da HTML 4 ya tanada. Wannan yana aiki a jikin shafi, amma ba ya hana mai ziyara buga alamar a cikin fom, kuma in aka kwafe rubutun zuwa imel ko saƙon waya sai laƙabin ya fito tsirara. Wasu suka koma Latin-9, domin sauyin layi ɗaya ne, kuma harafi yana nan bayit ɗaya. Masu Linux a Jamus da Faransa sun yi shekaru a kan wannan hanya. Sai dai duk tsohon rubutun da ke da ½ ya wayi gari da œ, girkin da ya ce rabin kilo ya zama abin da ba ya karantuwa, kuma € ɗin da aka buga daga Windows har yanzu 128 ce, wadda Latin-9 bai sani ba. An kashe wuta a ɗaki ɗaya ta tashi a wani.

Ƙaura zuwa UTF-8, 2002 zuwa 2014

Hanya ta uku ita ce mai ɗorewa, ita ce kuma mai ciwo. Komawa UTF-8 yana nufin a bi kowace gaɓa: fayilolin shafin, sanarwar da sabar ke aikawa, sanarwar da ke cikin shafin kansa, hanyar da manhaja ke magana da rumbun bayanai, teburan rumbun, imel, har da tsofaffin bayanan shekara da shekaru. In gaɓa ɗaya ta saɓa, sai tarkace. Yuro a UTF-8 bayit uku ce, kuma injin da ya karanta su da jadawalin Microsoft zai ga haruffa uku: â‚¬. Fam yakan fito Â£. Duk wanda ya yi yawo a shafukan Turai a shekarun 2000 ya ga waɗannan a gaban farashi. Mafi muni shi ne idan mai gyara ya ga tarkacen ya sake juya bayanan karo na biyu, haruffa uku su haifi wasu, rumbun ya cakuɗe da layukan da aka juya sau ɗaya da waɗanda aka juya sau biyu da waɗanda ba a taɓa ba. Irin wannan ba ya gyaruwa da umarni ɗaya, sai an bi a hankali.

Akwai kuma matsalar ƙirga. Manhajar da ta saba harafi ɗaya bayit ɗaya takan ƙirga € a matsayin uku, in ta zo gajarta rubutu ta yanke alamar a tsakiya. Harshen PHP, wanda aka gina ɗimbin shagunan intanet da shi, ya fara aikin bugu na 6 a 2005 domin ya rungumi Unicode tun daga tushe, aikin ya gagara aka watsar a 2010, sai a 2014 bugu na 5.6 ya mayar da UTF-8 abin da yake sanarwa kai tsaye. Rumbun MySQL ya kawo abin da ya kira utf8 a bugu na 4.1, amma bai wuce bayit uku ba. Yuro ta shiga, fuskokin dariya ba su shiga ba, sai da aka ƙara utf8mb4 a 2010, aka mayar da shi na asali a bugu na 8.0 a 2018, mutane suka sake ƙaura karo na biyu.

Ba daidai ba ne a ce yuro kaɗai ta kawo wannan sauyi. XML na 1998 ya zo da UTF-8 a matsayin asali, Red Hat ya mayar da Linux ɗinsa kansa a 2002, manyan shafuka masu harsuna da yawa irin su Wikipedia ba su da wata mafita, ga kuma Asiya da ƙasashen Larabawa da ke ta shigowa intanet. Amma yuro ce ta rushe hujjar masu cewa Latin-1 ya ishe mu. Kamfanin da ba zai kashe kwabo domin harafin wani ba, ya kashe domin kada farashinsa ya fito da alamar tambaya. A 2008 Google ya sanar cewa tun Disambar 2007 UTF-8 ya zarce ASCII da jadawalin Yammacin Turai a shafukan da yake tattarawa. A 2014 sabuwar ƙa'idar HTTP ta janye zancen ɗaukar Latin-1 a matsayin asali, ƙa'idojin zamanin HTML5 kuma suka rubuta abin da burauzoji suka daɗe suna yi: duk shafin da ya ce shi Latin-1 ne, a karanta shi da jadawalin Microsoft. Yau kimanin kashi 98 cikin 100 na shafukan duniya UTF-8 ne, Latin-9 kuwa ya zama abin tarihi.

Ana gane amfanin ƙaurar daga kuɗaɗen da suka zo baya. Sidin Gana ya samu lambarsa a 2005. Indiya ta amince da alamar rufi ₹, zanen Udaya Kumar, a Yulin 2010, zuwa Oktoba ta shiga Unicode 6.0. A 2012 an fitar da bugu na 6.2 domin alama ɗaya tak, lirar Turkiyya. Ta rubul ɗin Rasha ta shiga a 2014, sabuwar alamar riyal ɗin Saudiyya a 2025. Ba a tashi kowa daga gurbinsa ba, ba a kuma sake jadawalin kowane shafi ba. Abin da ya rage shi ne masu zana salon rubutu su zana siffar, waya ta sabunta kanta.

Inda abin ya taɓa mu

Sefar da ake kashewa a Maraɗi da Damagaram an ɗaure ta da yuro tun 1999, a kan 655.957 kowace yuro ɗaya, amma da haruffa ake rubuta ta, don haka wannan rigima ba ta same ta ba. Naira ce ke da alama, kuma ita ce har yanzu ba ta gama hutawa ba. Jadawalin gajeren saƙon waya na GSM, wanda aka tsara a Turai, yana da dala da fam da yen, an kuma cusa yuro a wani ƙarin shafi inda take cin gurbin harafi biyu. Naira ba ta ciki, haka ma ƙ da ɗ da ɓ. Da zarar ɗayansu ya shiga saƙo, waya takan koma wani tsarin, saƙon da ke ɗaukar harafi 160 ya dawo 70, kuɗin aikawa ya ƙaru. Wannan na cikin dalilan da ke sa alat ɗin banki yake zuwa da NGN ko N zalla. A tsohon shafin da bai koma UTF-8 ba kuwa, in mutum ya buga ₦ a fom, burauza takan aika ₦ a madadinta, kuma haka wani lokaci take fitowa a rasit.

Wanda ya taɓa buɗe wani shafin Hausa ya ga Æ™asa a inda ake nufin ƙasa, ko É—aya a maimakon ɗaya, ko â‚¦ a gaban farashi, to cutar da ta kama yuro ce ya gani, kuma maganinta ɗaya ne. Ƙofar da aka buɗe domin kuɗin Turai ita ce haruffanmu suka bi, lambobinsu kuwa suna nan tun 1991. Abin takaici shi ne har yau akwai jaridu da hukumomi da shagunan intanet da ke rubuta kasa a wurin ƙasa da N a wurin ₦, alhali uzurin da ya sa na baya yin haka ya ƙare.

Kira na ga matasanmu masu gina shafuka da manhajoji a Kano da Kaduna da Zariya da Yamai: ku sa UTF-8 a fayil, ku sanar da shi a sabar da cikin shafi, ku zaɓi utf8mb4 a rumbun bayanai da hanyar da ake shiga cikinsa, ku ajiye kwafin tsofaffin bayanai kafin ku juya su. Kafin ku miƙa aiki ga mai shi, ku buga ₦ da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a cikin fom, ku bi su har zuwa imel da rasit, ku tabbatar sun fito yadda kuka buga su.